Takardar Koke Kan Tunawa da Mamatan Filin Wasa na Akra, 9 ga Mayu 2001

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Nima da Majalisar Sarakunan Zango,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu ne iyaye, zawarawa, marayu da maƙwabtan waɗanda suka rasu a filin wasa na Akra, babban birnin Ghana, daga unguwannin Nima da Mamobi da sauran zanguna, muke kawo kukanmu gabanka.

Ba sai mun tuna maka ranar Laraba 9 ga Mayu 2001 ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Hearts of Oak ta Akra ta karɓi baƙuncin Asante Kotoko ta Kumasi. Kotoko ce ta fara ci, sai Ishmael Addo na Hearts ya zura biyu ana dab da tashi, aka koma 2 da 1. Ran magoya bayan Kotoko ya ɓaci, suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa. 'Yan sanda kuwa, maimakon su kwantar da tarzomar, sai suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a. Kowa ya nufi matakalar fita idonsa na ruwa, ga ƙofofi a kulle. Na baya na turo na gaba, na gaba ba inda za su. Mutum 126 suka cika, yawancinsu numfashi ne ya ɗauke saboda matsi.

Akwai waɗanda a cikinmu suka kwana a Asibitin Soja na 37 suna ɗaga mayafi ɗaya bayan ɗaya, wasu da rigar ƙwallo kawai suka gane nasu. Shugaban ƙasa na lokacin, Kufuor, ya ayyana makokin kwana uku, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sam Okudzeto, kwamitin ya ɗora laifi kan 'yan sanda. An gurfanar da 'yan sanda shida, kotu ta sallame su a 2003. Mun bar wa Allah wannan, ba shi ya kawo mu ba.

Abin da ya kawo mu shi ne sunaye. Duk shekara ana zuwa gindin mutum-mutumin da ke bakin filin wasa a ajiye furanni, a yi jawabi, a watse. Ba mu raina ba, kuma muna yaba wa Herbert Mensah, tsohon shugaban Kotoko, da bai gaji da taron tunawa ba. Amma a nan gida, inda aka yi wanka da sutura da sallar gawa, babu inda aka rubuta sunan ko mutum ɗaya. Yaran da aka bari a goye yanzu sun yi aure, 'ya'yansu na tambayar wane ne kakansu. Tsofaffin da suka san wane ɗan gidan wane ne suna ta tafiya, kuma in suka ƙare, sai dai a riƙa cewa 126 kamar lissafin buhuna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka umarci masu unguwanni da limamai su bi gida-gida su tattara sunayen mamatanmu tun masu shaida na da rai. A samar mana wuri a cikin Nima, ko da bangon makaranta ne, a kafa allo da sunayen, Musulmi da Kirista, ɗan Hearts da ɗan Kotoko, ba bambanci. Kowace shekara kuma a keɓe Juma'ar da ta fi kusa da ranar don saukar Alƙur'ani da addu'a, a gayyaci ƙungiyoyin biyu.

Akwai kuma batun asusun da aka buɗe don iyalan mamatan bayan abin ya faru. Zawarawa na son sanin inda aka kwana: nawa ya shiga, nawa ya rage, su wa suka amfana. Mu talakawa in mun je ofis, a bakin ƙofa muke tsayawa. Kai kuwa in ka aika, za a amsa.

A ƙarshe, matasanmu har gobe suna cika filin nan duk ranar da Hearts da Kotoko za su kara. Muna roƙon ka nemi zama da hukumar wasanni da ta ƙwallon ƙafa su tabbatar maka ƙofofi na buɗe kafin a tashi, ma'aikatan lafiya na nan har mutum na ƙarshe ya fita, kuma ba za a sake harba hayaƙi cikin 'yan kallo ba.

Mun shirya aiko wakilai duk ranar da fada ta sa mana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Iyalan mamatan 9 ga Mayu, Nima da Mamobi, Akra.