Godiya ga Likitocin Fata na Asibitin Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne a madadin gidanmu, mu gode wa likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da cututtukan fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Baba ya yi wata 4 yana fama da kumburin gwiwa da idon sawu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce sanyi ne. Maganin kemis kuwa babu irin wanda ba mu saya ba, har jiƙo aka aiko daga ƙauye. Daga baya wasu ƙuraje masu tauri suka fito masa a ƙwauri, ko zanin rufa ba ya so ya taɓa su. Ɗaya ya fashe yana zubar da ruwa mai maiƙo, kamar man gyaɗan da ya sha suya. Cikinsa kuwa bai taɓa cewa yana ciwo ba.

Likitar da ta duba shi ta daɗe tana tambaya a kan ramar da ya yi, wadda mu muka ɗora wa azumi. Ta yanki 'yar fata aka kai gwaji, ta tura mu awon jini da hoton ciki. Na ce mata, "Likita, ƙafa ke ciwo, me ya kawo ciki?" Sai ta ɗauki biro ta zana mana fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi. Ta ce akwai wani irin ƙari da ke sa ta tuttuɗa sinadarin narkar da kitse cikin jini, sai ya riƙa cin kitsen ƙarƙashin fata da na gaɓoɓi. Irinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kansar fankiriyas ba, shi ya sa ake saurin tsallake shi.

Hoton ya nuna ƙarin. Ita da kanta ta haɗa mu da likitocin tiyata, aka cire shi tare da saifa. Bayan 'yan makonni ƙurajen suka fara kwanciya.

Ba za mu manta da nas ɗin da ke wanke masa ciwon ba, tana zolayarsa, "Baba, yau ma ka sha jiƙon a ɓoye ko?" Yanzu yana ci gaba da ganin likitan kansa, kuma da ƙafarsa yake zuwa masallacin unguwa. Ya ce in gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya saka da alheri.

Naku,
Babban ɗan majinyacin, daga Kano