Ƙarar filin pikilbol ta hana ni barci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in kai kukana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare nake yi, sai da rana nake rama barci. Bara aka mayar da filin tanis da ke bayan gidanmu na pikilbol, wasan nan da aka ƙirƙiro a tsibirin Bainbridge na Amurka a 1965. Filinsa ƙafa 20 ne a faɗi, 44 a tsawo, don haka aka fitar da huɗu daga na tanis ɗaya. Inda a da mutum huɗu ke wasa, yanzu goma sha shida ne.

Ba hayaniyar 'yan wasan ce ke damuna ba, ƙwallon ce. Ta tanis tana da laushi, da raket mai zare ake bugunta, sautin a dushe yake fita. Wannan kuwa busasshiyar roba ce mai huji-huji, ana dukanta da allo mai tauri: ƙwas! ƙwas! Na rufe taga, na cusa auduga a kunne, na danne kai da filo, duk a banza. Jaririna ma firgigit yake farkawa.

Da muka yi ƙorafi, masu kula da filin suka rataya tamfol marar kauri a shingen waya, suka bar tazarar taki guda daga ƙasa. Na gode musu, amma ƙara kamar ruwa take, duk kafar da ta samu nan take bi. Labule mai nauyi ake buƙata, wanda ya taɓa ƙasa, ya kuma yi tsayin da daga tagarmu ba za a hango allon ɗan wasa ba. In ido ya gan shi, kunne zai ji shi. Akwai kuma alluna masu rage ƙara, waɗanda ƙungiyar USA Pickleball, mai kula da wasan a Amurka, ta fara tantancewa a 2023. Me zai hana a wajabta su a filayen da ke manne da gidaje, a kuma ƙayyade lokacin buɗewa da rufewa?

Wallahi ba so nake a rufe filin ba. Dattawan da nake hangowa suna motsa jiki, irin abin da kullum nake roƙon majinyatana su yi ne. Sai dai kafin a shata wani sabon fili, a nisanta shi daga gidaje, domin duk sanda tazara ta ninka, ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6, a ma'aunin ƙarfin sauti. Mai son ya auna tamu kuma, ya zo ɗakina da ƙarfe takwas na safe, zan buɗe masa taga.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya