Wasiƙa zuwa Tamale, da hannun da ya karye

Kano, daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen zango. Ya kasuwa, ya sanyin bana? Saƙonninka sun iso duka, na murya da na rubutu, kuɗin da ka aiko ta hannun ƙaninka ma sun shigo hannuna. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ka yi mini afuwa da na yi ta ba ka amsa guntu-guntu. Da hannun hagu nake lallaɓa waya a lokacin, ga raina ba daɗi. Yau ne karo na farko da na riƙe biro na zauna rubutu mai tsawo, kuma na ce da kai zan fara.

Da farko ka kwantar da hankalinka, ƙafafuna lafiya lau. Wanda ya ce maka na karye biyu ya ƙara wa labarin gishiri. Tsintsiyar hannun dama ce ta karye, sai ɗinki biyar a gefen goshi da ƙujewa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu.

Ka san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na jingine babur na fito da tsohon keken Baba, wannan Raleigh ɗin da muke satar hawa muna yara. Da shi nake zuwa makaranta daga Rijiyar Zaki, kuma ba ni kaɗai ba ne, malamai da masinjoji da yawa sun koma keke. Ranar Litinin ce da safe, wajen bakwai da kwata, gab da Kabuga. Ina gefen dama ina tafiyata, wata mota ta wuce ni, ba ta gama wuce ni ba sai ta karya kan ta shiga gidan mai, ba sigina ba komai. Na matse birki, amma ina. Ƙofar baya na daka. Abin da nake iya tunawa shi ne na kai hannu zan tare ƙasa, na ji wani ƙas a cikin jikina, sai ga ni kwance ina kallon tayar gaba tana juyawa a karkace, littattafan yara da na kwana ina makawa sun watse a kwata.

Kafin in gane inda nake, jama'a sun cika wurin. Wasu sun ɗago ni, wasu sun rufar wa direban. Yaro ne, bai fi shekara ashirin da biyar ba, jikinsa na ɓari, wani har ya shaƙe masa wuyan riga. Na ce su sake shi don Allah. Wannan kam ban yi nadamarsa ba. Amma a wurin, jini na zuba a idona, wani dattijo ya durƙuso kaina yana cewa, "Malam, ka ce ka yafe, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Mutane suka ɗauka, ka yafe, ka yafe. Wallahi aminina, bakina ya buɗe zan faɗa, sai wani mai adaidaita sahu ya daka tsawa ya ce a bar mutum ya ga likita tukuna. Shi ya rubuta lambar motar a bayan hannunsa, ya ɗauki hoton wurin da wayarsa, ya sa ni a adaidaitarsa. Ko kwabo bai karɓa ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

A asibiti aka wanke ciwon, aka yi ɗinki, aka yi mini allurar tetanus, aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta fi damuwa da kaina a kan hannun. Ta ja uwargida gefe ta ce kwana biyun farko a sa mini ido: in na fara amai, ko barci mai nauyi da ba a iya tashina, ko magana ta rikice, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, a dawo da ni ko tsakar dare ne. Baiwar Allah ba ta runtsa ba daren nan. Duk bayan ɗan lokaci sai ta taɓa ni ta ce in faɗi sunayen yaranmu.

Rigima ta farko a gida aka yi ta. Kawu ya zo ya ce a cire ni daga hannun asibiti a kai ni wurin mai ɗori, wai su gado suka yi, kwana arba'in zan ɗauki buhu. Ni ban raina masu ɗori ba, ka san wanda ya gyara mini targaɗe muna firamare. Amma na ga hoton da idona, karayar tana dab da gaɓa, kuma likita ta ce in aka ɗaure da ƙarfi hannu na kumbura, jini zai iya daina zuwa yatsu, daga nan ne ake kai wa ga yanke hannu. Na ba Kawu haƙuri, na ce a bar ni da simintina. Ya yi fushi na mako guda, daga baya ya aiko da farfesun ƙafar sa.

Mako shida na yi da siminti. Ba ka sanin aikin hannun dama sai ka rasa shi. Tuwo da cokali a hagu, maɓallin riga sai an sa mini, alwala uwargida ke zuba mini ruwa, in wanke abin da zai wanku, in shafa a kan simintin kamar yadda liman ya nuna mini. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da autata ta kawo aikin gida ta miƙo mini fensir, sai ta tuna, ta mayar da hannunta a hankali ta ce, "Baba bari in je wurin Yaya." Na juya fuska bango.

To ga maganar da ta sa na zauna rubuta maka. Kwana uku da haɗarin, yaron ya zo da mahaifinsa da mai unguwarsu. A nan na gane motar ba tasa ba ce, direban gida ne, yara ya sauke a makaranta zai sha mai. Bai yi gardama ba, ya ce waya yake amsawa, maigidansa ne ya kira. Motar tana ofishin 'yan sanda, ana jiran abin da zan ce. Mutanenmu kuwa suka rabu biyu. Wasu na cewa in yafe gaba ɗaya, Allah ya kiyaye rai, me kuma nake nema. Wasu na cewa in tsaya sai an je kotu. Ni kuma ina kwance ina lissafin kuɗin hoto da magani da na darasin yamma da nake yi wa yara, wanda ya tsaya cak, da keken Baba da ya lanƙwashe.

Wani abokin aikina ya kawo maganar inshora. Ya ce ai doka ce kowace mota ta mallaki inshorar da ke biyan wanda aka buge, kuma tun farkon 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3, ban da raunin jiki. Na yi murna, na ce shi ke nan, ba sai an matsa wa kowa ba. Da aka duba lambar takardar a kwamfuta, babu ita. Ta bogi ce, irin wadda ake haɗa wa mutum da takardun mota don kawai a nuna a shingen hanya. Shekara ashirin ina hawa titi ban taɓa sanin wannan takarda tana da wani amfani a gare ni ba, kuma ina jin yawancin masu motar ma haka suke.

Abin da ya hana ni barci shi ne na san in na matsa, daga albashin yaron za a cire, ƙila ma a kore shi. In kuma na yi shiru, 'ya'yana ne za su biya kuɗin wayar da wani ya amsa. Na je wurin limaminmu da wannan damuwa. Bai ce mini yafe ba, bai ce kar in yafe ba. Ya ce a Risala an faɗa cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, don sai a lokacin ake sanin abin da ya bari a jiki. Ya ce yafiyar da aka ƙwata daga bakin mutum yana cikin jini ba ita ake nufi ba, kuma neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne. Na fito daga zaurensa kamar an sauke mini kaya.

Sai na ce ni da mai motar zan yi magana, ba da yaro ba. Ya ɗan ja ƙafa, amma ya zo. Muka zauna gaban mai unguwa, na baje rasit ɗina duka, don uwargida ba ta yar da ko ɗaya ba, ta tara su a gwangwanin madara. Muka rubuta a takarda: zai biya kuɗin asibiti da na gashin ƙashi da gyaran keke, kuma ba zai taɓa albashin yaron ba. Kuɗin darasin da na rasa da wahalar da na sha, waɗannan na yafe, da bakina, da hankalina a jikina. Kowa ya sa hannu, ni na dangwala da hagu. Washegari aka saki mota. Wasu sun ce na yi sanyi, wasu sun ce na yi tsauri. Ni dai zuciyata ta kwanta da hakan.

Ranar da aka yanke simintin na tsorata da hannuna. Ya rame, ya yi fari-fari, fata na saɓulewa, ga wari, kuma ya ƙi lanƙwasuwa ko kaɗan. Yanzu sau biyu a mako nake zuwa gashi, a gida kuma ina matsa ƙwallon roba da tsoma hannu a ruwan ɗumi. Alli ya fara zama a yatsuna, sai dai in na cika allo sau biyu hannun ya ɗau zugi, musamman da sanyin nan na asuba.

Keken yana gida. Mai gyara ya canja wilin gaba, ya miƙe kan, ya sa sabon birki, ya ƙara madubi da jar fitila a baya. Kwana tara yana jingine a soro ina wuce shi. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai kai: tsoro nake ji. In ina tafe a ƙasa mota ta taho ta bayana, sai in ji gabana ya faɗi, gumi ya karyo mini. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan sallar asuba, gari ba kowa, na fito da shi na zaga layinmu sau biyu. Ƙafafuna na rawa a kan feda. Ban kai bakin titi ba na juyo. Jibi zan sake gwadawa, in Allah ya yarda, in ga ko zan kai masallacin Juma'a.

Na tuna ka taɓa ce mini a Tamale an ware wa masu keke hanyarsu a gefen manyan tituna, har mata da tsofaffi na hawa ba fargaba. Don Allah ka ɗauko mini hotonta ka turo, ina so in nuna wa 'yan ajina, da yawansu da keke suke zuwa ta wannan titin da na faɗi. Kuma ka duba mini a kasuwarku ko ana samun hular kwano ta masu keke, mara nauyi, guda biyu, tawa da ta babban yarona. Na zaga nan ban samu mai kyau ba sai ta babur. In ka samu ka ba direbobin goro su taho da ita, ka faɗa mini kuɗin, kuma wannan karon ni zan biya.

Ka gaishe mini da Hajiya da maiɗakinka da yara. Uwargida tana gaishe ku, ta ce a yi mata godiyar man kaɗanya, da shi take shafa mini tabon. Hannun ya fara zugi, zan tsaya nan.

Wassalam,
Naka har kullum.