Shekara shida ana karatun lauya, amma wa ke koya musu sauraron Bahaushe?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana a kan yaranmu masu karatun lauya. Ni ba lauya ba ne, tafintan kotu ne. Na shekara talatin da 'yan kai ina tsayuwa tsakanin wanda ake tuhuma da mai shari'a a nan Kano, har Allah ya kawo lokacin ritaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a zauren gidana watan jiya. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ta shigo da takarda a ƙunshe cikin leda. Ta ji an ce 'yata tana aji huɗu a karatun lauya, shi ne ta zo a duba mata. Yarinyar ta karanta takardar tsaf, na kuma ga alamar ta gane abin da ke ciki, domin yarjejeniyar jinginar gida ce da marigayin ya sa wa hannu. Amma da ta buɗe baki za ta yi bayani sai magana ta sarƙe: kalma biyu Hausa, uku Turanci. Tsohuwa ta yi ta gyaɗa kai tana cewa "To, 'yar nan, to," alhali ni da na san irin wannan "to" ɗin na san ba abin da ya shige ta. Bayan ta fita, 'yata ta zauna jugum, ta ce, "Baba, wallahi na san abin, yadda ake faɗarsa da Hausa ne ban sani ba." Wannan yarinya a cikin ganuwa aka haife ta, ba ta da wani harshen gida sai Hausa.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan, domin na san hanyar da suke bi. Shekara biyar a jami'a kafin digiri, sannan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1962, ta buɗe a Legas a 1963 da ɗalibai takwas kacal, aka mai da hedikwatarta Bwari da ke Abuja a 1997. Yau tana da rassa a Legas, Inugu, Yenagoa, Yola, Fatakwal, da namu na Bagauda da ke bakin tafki. Darussa biyar ake yi a can: shari'ar laifuka, shari'ar neman haƙƙi, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, sai ladubban aikin lauya. Kullum cikin baƙi da fari, aji tun safe, karatun rukuni da yamma, ga liyafar cin abinci sau uku da aka gada daga Ingila wadda dole sai ɗalibi ya halarta. A tsakiyar shekara a tura su kotuna da ofisoshin lauyoyi sanin makamar aiki. A nan ni na riƙa haɗuwa da su, suna jere a bencin baya da littattafansu, idanu sun yi ja saboda rashin barci. Na san iyayen da suka sayar da fili kafin su haɗa kuɗin makaranta da na riga da hular lauya. Wahala kam ana shan ta, ilimi kuma ana samu. Sai dai duk wannan tafiya, daga ranar farko har ranar da za a rantsar da su, da Turanci ake yin ta, alhali wanda zai fara ƙwanƙwasa ofishin sabon lauya a Kano galibi ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, ko manomi daga Kura, ko matar da ke neman gadon 'ya'yanta.

Wani zai ce ai yaron Bahaushe ne, me za a koya masa? Bari in ba da misali da abin da na gani da idona. Wani sabon lauya, mai ƙoƙari ƙwarai, ya tsaya wa wani dattijo da ya ce ya "ba wa" abokin cinikinsa kuɗi. Lauya ya rubuta bashi ne, aka shigar da ƙara a haka. Sai da dattijon ya shiga akwatin shaida, ina fassarawa, ya ce, "Ni ban ranta masa ba, ajiya na ba shi zan tafi aikin Hajji." Edita, tsakanin ajiya da bashi akwai tazara mai nisa. Wanda ya cinye ajiya ya ci amana, laifi ne da sashe na 311 da na 312 na dokar Final Kod suka yi bayaninsa da hukuncinsa. Wanda ya kasa biyan bashi kuwa maganarsa ta neman haƙƙi ce kawai. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce shaida ta saɓa wa takardar ƙara, aka yi ta ɗage zama, dattijon ya yi ta sintiri kusan shekara kafin a gyara. Bahaushe ya raba aro da rance da bashi da ajiya da jingina da haya da kyauta, kowanne da hukuncinsa a bakin mutane tun kafin a zo kotu. Yaron da ya tashi daga firamare zuwa jami'a bai taɓa zama a rumfar kasuwa ba, duk "ba shi" yake ji.

Haka maganar dangantaka. Mutum zai ce "ɗan'uwana ne," lauya ya rubuta ya wuce, bai tambaya ba ko uwa ɗaya uba ɗaya suke, ko 'yan uba ne, ko uwa kawai suka haɗa, ko ma ɗan baffa ne. A rabon gado wannan tambayar ce ke nuna wanda zai samu da wanda za a katange. Ga kuma al'ada. Mace ta ƙi ambatar sunan mijinta ko na ɗanta na fari saboda kunya, a ce tana ɓoye wani abu. Saurayi ya sunkuyar da kai gaban alƙali saboda ladabi, a ce rashin gaskiya ne. Wanda ake tuhuma ya ce "A yi haƙuri, ranka ya daɗe," wani ya ɗauka ya amsa laifi, alhali Bahaushe yana ba da haƙuri ko da shi aka zalunta. Shaida ya ce abin ya faru da hantsi, a matsa masa sai ya faɗi ƙarfe nawa, ya faɗi abin da ya zo bakinsa, daga baya a kama shi da shi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Amma tafinta a zauren kotu kawai yake. A ofishin lauya, a caji ofis, a bakin ƙofar gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, lauya ne da mutuminsa su biyu, kuma a nan shari'a ke gyaruwa ko ta lalace.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne garin nan ba baƙo ba ne a wannan fage. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe makarantar alƙalai ta Shahuci a 1928, sannan a 1934 aka kafa makarantar shari'a ta lardunan Arewa a nan Kano, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Waɗannan ɗalibai da Larabci suke karanta littattafan Malikiyya, amma da Hausa malam ke fashin baƙi, da Hausa kuma suke fita su yi wa jama'a shari'a. Shi ya sa har gobe a kotunan shari'ar Musulunci talaka ya san khul'i, ya san shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na ya karɓi rabon da abokinsa ya sayar wa wani, ya san idan baƙo ya shekara goma yana riƙe da gona a gaban idonka ba ka yi magana ba hauzi na iya cinye ƙararka, ya san kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambaye shi ko yana da sauran magana. Kalmomin Larabci ne, amma sun zauna a bakin mutane saboda an koyar da su da harshen gida. Da tsohuwar zuma ake magani. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar da aka gada daga Ingila, ga kuma Kwalejin Aminu Kano da muke kira Ligal, saboda haka tushen yana nan bai mutu ba.

Na san za a ce makarantar lauyoyi ta ƙasa ce baki ɗaya, ɗan Kalaba na iya faɗowa Bagauda, ɗan Kano a tura shi Yenagoa. Gaskiya ne, kuma ni ban ce a taɓa Turanci ba. Da shi aka rubuta dokokin, da shi ake magana daga babbar kotu har Kotun Ƙoli, lauyan da Turancinsa ya yi rauni ya cuci wanda ya ɗauke shi. Mai shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan Nijeriya a 2012, a Ingila ta yi karatun lauyanta. Roƙona ya fi karkata ga jami'o'inmu na Arewa, inda yawancin ɗaliban Hausa ce a bakinsu. A ware darasi guda, ko da a aji huɗu ne, wanda ɗalibi zai zauna da mutum ya ɗauki bayaninsa da Hausa, ya mai da shi takardar kotu, sannan ya juyo ya karanta masa abin da ya rubuta da Hausa har mutumin ya ce e, haka na faɗa. A ba da maki a kan hakan kamar kowane darasi, domin ɗalibi ba ya ɗaukar abin da babu jarrabawa a kansa da muhimmanci. Malaman shari'a su haɗa kai da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a tsayar da kalmomi, don kada kowane tafinta da kowane gidan rediyo su riƙa ƙirƙirar nasu. Yarabawa da Ibo su ma su yi wa nasu haka.

Masu cewa tsarin lauyoyi ba ya tanƙwaruwa su tuna da Firdaus Amasa, wadda aka hana rantsarwa a watan Disamba na 2017 saboda ta ƙi cire hijabi, aka kuma rantsar da ita da hijabinta a watan Yuli na 2018. Ƙa'idar da aka ɗauka ba ta motsi ta motsa da mutane suka yi magana.

A cikin birnin nan akwai tsofaffin tafintoci da magatakardan kotu da muhutai da suka yi ritaya, kowanne da abin da ya tara a kansa na shekaru. Na yi magana da huɗu daga cikinsu kafin in rubuto wannan wasiƙa, kuma dukkansu sun ce idan wata tsangayar shari'a ta kira mu, za mu je mu zauna da ɗalibai ko sau ɗaya ne a mako, ba sai an biya mu ba. Ni dai na riga na fara da 'yata. Kowace Asabar bayan La'asar takan ɗauko sashe guda na doka ta yi wa kakarta bayani, ba kuma ta tashi sai tsohuwar ta iya maimaita mata shi da bakinta. Makon jiya a kan beli suka yi, kuma sai da suka kai kiran Magariba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon tafintan kotu,
Gwale, Kano.