A Haɗe Layukan Dogo Ta Tsakiyar Birni

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana da masu fafutukar a shimfiɗa sabon layin dogo a birni. Muna tare da su ɗari bisa ɗari, sai dai kiran nasu ya fi karkata ga tsawon layi da kyan tarago. Inda gizo ke saƙa kuwa shi ne tashar da jirgi ke shiga ya tarar babu gaba.

A irin wannan tasha, jirgi zai sauke fasinja, direba ya sauko ya taka zuwa ɗaya kan, a gwada birki, sannan jirgin ya fito ta inda ya shiga. Wajen fitowa sai ya gitta layin mai shigowa, dole wancan ya tsaya a bakin tasha yana jiran sigina. Ko an sayo jirage ɗari, wannan maƙura ce za ta yanke adadin da zai wuce a awa guda.

Abin nema shi ne ɗan guntun layi biyu, na zuwa da na dawowa, da zai ratsa tsakiyar birni ya haɗe layukan da ke shigowa daga garuruwan kewaye. Munich ta Jamus ta yi haka a 1972, Paris a 1977. Layin Elizabeth na Landan da aka buɗe a 2022 yana wuce da jirage 24 a awa ta kowane ɓangare lokacin cunkoso, wato jirgi guda duk minti biyu da rabi. Mai fitowa daga gabas zai isa aikinsa a yamma bai sauka ba.

Amma a sa ido kan zanen tun kafin a sa hannu a kwangila. Faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogon biyu, ya zama ɗaya da na layukan da za a haɗe: jirgin da aka ƙera wa milimita 1,435 ba zai hau layin milimita 1,067 ba, kuma in aka yi sakaci a nan, haɗin ya tashi aiki. Tsayin dandamali ya yi daidai da ƙofar tarago, domin kowace daƙiƙa da tsoho ko mai keken guragu zai ɓata wajen hawa, jirgin baya ne ke biyanta. In layin zai bi ta ƙarƙashin ƙasa, sai jirgi mai lantarki, don hayaƙin dizal ba shi da mafita a dogon rami. Mararraba da titin mota kuma a yi mata gada. In ba haka ba, shingen tare motoci da ke sauka duk bayan 'yan mintoci don jirgi ya wuce zai tsayar da unguwa cak.

Abin da ya fi damun mu shi ne fili. Muna roƙon hukuma ta shata hanyar da layin zai bi, ta wallafa taswirar, ta dakatar da ba da izinin gini a kanta tun yanzu, kafin benaye su tashi kuɗin diyya ya cinye na aikin.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan sufurin jiragen ƙasa.