Abba, na ƙirga ƙwayoyin, saura tara

Assalamu alaikum Abba. Tun ranar Talata nake kiran layinka, ko dai a ce a kashe yake ko ya yi ta ringin har ya katse ba ka ɗauka ba, shi yasa na zauna nake rubuta maka wannan duk da ka san idona da waya ba sa shiri da daddare. Hafsa ta ce in yi maka saƙon murya kawai na ce a'a, na san kaina, ina fara magana kuka zai ci ƙarfina in kasa faɗin abin da ke raina. Ka daure ka karanta har ƙarshe ko da ranka zai ɓaci a tsakiya.

Jiya na shiga ɗakinka zan cire zanin gado in haɗa da wanki, ina ɗaga katifa sai ga kwalbar maganin ciwon hantarka a kwance. Na zauna a bakin gadon na zazzage su a tafin hannuna na ƙirga, tara. Na sake ƙirgawa, tara dai. Ƙwaya 28 ce a kwalbar, kenan 19 ka sha ka tura sauran ƙarƙashin katifa ka kama hanyar Kaduna, ga kuma kwalba biyu da ko ɓare su ba a yi ba suna nan cikin akwatina ƙarƙashin atamfofi. Ranar da za ka tafi sau biyu na tambaye ka a zaure, ka ce min Umma na sa a jaka, har kana bubbuga jakar. Ni za ka yi wa haka Abba?

Kuma labari ya zo min, ba sai na faɗa maka wanda ya kawo ba. An gan ka wajen tashar Kawo tare da yaron nan, ka san wa nake nufi, da riga mai dogon hannu a cikin zafin nan. Aikin da ka ce ka samu a shagon tayil ban san ko akwai shi ba, ban ma tambaya ba saboda bana son in ji amsar.

Abin da ya hana ni barci ba zancen mutane ba ne, wannan na daɗe da sabawa, tun shekarar da keken ɗinkina ya yi ƙafa na daina jin kunyar maƙota. Kawunka Sule nake gani. Kai kana ƙarami lokacin, ba a bar ku kun shiga ɗakin ba, amma ni na yi jinyarsa wata huɗu. Mutumin da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai, ya koma hannuwa kamar sillen kara, ciki kuma ya kumbura yana sheƙi kamar mai cikin tagwaye, idonsa ya yi ɗorawa har cikin farin. Ana soka masa allura a gefen ciki a sa roba, ruwa ya yi ta ɗiga a bokiti, in ɗauka in zubar in dawo, bayan sati biyu cikin ya sake cika kamar ba a taɓa ba. Daga baya ya fara rikicewa yana kirana da sunan Inna wadda ta rasu tun muna yara. Daren ƙarshe jini ya yi ta amayarwa a kwanon da nake riƙe masa. Dangi suka ce sammu ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi, likita kuwa cewa ya yi hanta ce ta riga ta motse ta yi tauri, an zo a makare, cutar ta yi shekaru tana cin sa a ɓoye. Wallahi tun ranar da aka ba mu sakamakonka, duk sanda na rufe ido bokitin nan nake gani, kuma fuskarka ce a kan gadon. Ina sallah ina ganin sa, ina tankaɗe ina ganin sa. Na iya jure komai naka, na jure ofishin 'yan sanda, na jure bashi, amma ba zan iya sake riƙe kwanon nan ba, ba ga ɗan da na haifa ba.

Na san abin da za ka ce, Umma ni fa lafiyata ƙalau, ba na jin komai. To ai nan ne muguntar ciwon hanta nau'in C, ba ya sallama. Mutum zai yi shekara 20 ko fiye yana harkarsa, ɗan kasala kawai da yake ɗora wa gajiya, ita kuma hanta tana lalacewa a hankali, wani ma ta zame masa kansa. Kai yanzu 26 gare ka, lissafa da kanka.

Kana zaune a wajen lokacin da likita yake bayani amma hankalinka na kan waya, to bari in maimaita maka tunda ni na rubuta a bayan katin asibiti, ɗabi'ar aikin koyarwa ba ta bar ni ba. Gwajin farko nuna wa kawai yake cewa cutar ta taɓa shiga jiki, kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa, shi yasa muka yi na biyu mai tsadan nan da ke duba ko ƙwayar cutar tana nan a jini. Naka tana nan. Maganin da aka rubuta maka sofosbuvir da daclatasvir ne a haɗe, ɗaya kullum, sati 12, kuma sama da mutum 95 cikin 100 da suka sha shi yadda ya kamata suna warkewa sarai, warkewa ta gaske, ba irin ta hawan jinina da zan mutu ina haɗiyar ƙwaya ba. In an gama a jira wani sati 12 a sake gwaji, in ba a ga komai ba shike nan. Ya ce a da allura ake yi wa mutane kusan shekara guda, tana jigata su, kuma wajen rabi ne ke dacewa. Kai Allah Ya kawo ka zamanin da ƙwaya 84 ce tsakaninka da lafiya, ka sha 19 ka ce ka gaji.

Ka san da me na saye su? Sarƙar da Hajiya ta bar min da 'yan kunnenta, da kwasar adashina da na ware don kayan ɗakin Hafsa. Ita Hafsar da bakinta ta ce a sayar a yi wa Yaya magani, gado da katifa sa zo daga baya. Yarinyar da ka ɗauke wa waya sau biyu kenan fa. Wani lokacin in na tuna sai in ji kamar in cire hannuna in bar ka da duniya ta koya maka, tun daga kodin ɗin da kake zubawa a robar lemo kana zama da shi a gabana ina zaton lemo ne, da gwamnati ta hana shi a 2018 har sadaka na yi, ashe tiramol za ka koma, daga nan sai allurar fenta, kai da kake gudu ka ɓuya a bayan randa in an zo rigakafi. Ba ka tausayin kanka ba ka tausayin kowa.

Toh. Na faɗa na huce, Allah Ya shirye ka. Ni ma ina da nawa.

Na san ba ka yafe min gidan marin nan ba, duk sanda ka cire safa na ga tabon a idon sawunka sai in kau da kai. Amma ka faɗa min me zan yi a lokacin? Na fasa ƙofar banɗaki na same ka a ƙasa bakinka na kumfa, Babanku yana Legas, kowa a dangi yana ce min kai shi wajen malam ga ɗan wane ya shiryu a can. Abin da na sani kenan na yi. Ranar da aka nuna na Rigasa a labarai a 2019, 'yan sanda suna fito da mutane ɗaruruwa da sarƙa a ƙafa, ban kwana ba, gari na wayewa na sa aka je aka ɗauko ka daga naku. Sai kwanan nan da likita ya ce cutar ta jini take bi, allura, reza, askar wanzami, ƙarin jinin da ba a tantance ba, na tuna ka taɓa ce min duk Juma'a layi ake jera ku a yi muku ƙwal-kwabo da reza ɗaya. Ban san ko a can ka ɗauka ba ko a wajen allurarku, ba kuma wanda zai iya faɗa min, amma tunanin yana nan yana cina. In ni ce sila ka yafe min.

Maganar kofi da cokalin da Gwaggonka ta ware maka kuwa, na ga fuskarka ranar, kuma na san da shi a cikin abin da ya kore ka. Na yi shiru don bana son rigima da dangin Babanku, ban kyauta ba. Yanzu na yi maganin abin, na mayar da kofin cikin 'yan uwansa a gabanta na sha ruwa da shi. Ba a ɗaukar ta a kwano ko musabaha ko zama a tabarma ɗaya. Rezarka da buroshinka da abin yanke farce ne kawai za ka riƙe naka kai kaɗai, na ma saya maka kilifa ka dinga zuwa da ita wajen aski. Duk gidan an gwada mu ba wanda ke da ita, an kuma fara yi wa ƙannenka rigakafin nau'in B, tunda ita C ba ta da rigakafi. Na ce wa Gwaggon ta je ta tambayi labarin Masar, can miliyoyi suka kamu ta hanyar allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a da sirinjin da ba a tafasa da kyau ba, manoma da limamai da tsofaffi, ba shaye-shaye suka yi ba. Daga 2018 ƙasar ta tashi ta gwada sama da mutum miliyan 50 ta yi wa masu ita magani da irin ƙwayar nan da ka bari a ƙarƙashin katifa. Ba ta ce komai ba sai taɓe baki, ka san ta.

Yau da safe na koma wajen likitan ni kaɗai da kwalbar a jakata, na faɗa masa gaskiya har da zancen Kawo. Na ɗauka zai ce sai ka daina tukuna a sake magana, don ni ma haka na ɗauka tsarin yake. Ya ce a'a Hajiya, ko yana yi ki kawo shi, ba a hana mutum maganin hanta don bai daina ba, biyun tare ake bi. Ya ce kar ka ci gaba da taran nan da kanka tunda an yi tsallake mai tsawo, sai ya gan ka ya duba jinin ya san ko ɗorawa za a yi ko sabon lale. To ka ji, ban ce sai ka zo min a wanke tas ba, ka zo a yadda kake.

Sai wata magana da ban taɓa zaton za ta fito daga bakina ba, Allah Ya gani. In har shaiɗan ya rinjaye ka kafin ka iso, kar ka karɓi allurar kowa kar ka ba kowa taka, sabuwa fil daga leda, har ruwan da audugar kar ku haɗa. Ko ka warke za ka iya sake ɗauka in ka koma haɗa allura, jiki ba ya riƙe kariya daga ita, kuma yaran nan da kuke tare su ma uwaye ne suka haife su, kar ka raba musu. Giya kuwa ko ɗigo, wuta ce kake ƙara wa hantar. Masu mota da lasifika da ke cewa jarka ɗaya tana wanke hanta ka wuce su, Kawunka ya sha jarka ta fi goma.

Na san tsoron da kake ji na dainawa, na ga yadda kake yi wancan karon, zufa da gudawa da hamma, kana birgima kana cewa ƙasusuwanka za su karye. Akwai magungunan da ke sassauta wannan a hannun likita, ba sarƙa ba bulala. Asibitin ƙwaƙwalwa ba na mahaukata kaɗai ba ne yadda kake cewa, na Barnawa da ke nan kusa da kai suna da sashen masu shaye-shaye, in kuma gida ka fi so ga Dawanau, duk wanda ka zaɓa da ƙafata zan raka ka in zauna a benci in jira. Wannan karon ba wanda zai ɗauke ka cikin dare, na yi maka alkawari.

Likitan ya ba mu ranar Alhamis ƙarfe tara. Na tura wa Nura ɗan Yaya Rabi kuɗin mota, shi zai biya direba da hannunsa, kar ka ji haushi ka san dalili. Babanku bai san na ga kwalbar ba, ce masa na yi aiki ne ya riƙe ka, jiya ma ya tambaya ko ka kira. In dare ya yi maka a hanya kar ka buga ƙofar gida ka tashe shi, ka zagayo ta lungu ka ƙwanƙwasa tagar ɗakina, idona biyu.

Ummanka