A tuna da Ernst Weiss, likitan da ya ci azurfa a Olamfik da alƙalami

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu jawo hankalin masu rubuta tarihin wasanni kan Ernst Weiss. Bayahude ne, an haife shi a garin Brno, da ke ƙasar Czech ta yau, a 1882, ya kammala karatun likita a Biyana, babban birnin Austria, a 1908. Ya yi aikin tiyata, tarin fuka ya kama shi, ya koma likitan jirgin ruwa har Indiya da Japan, sannan likitan soja a Yaƙin Duniya na Farko. Bayan yaƙin ya ajiye wuƙar fiɗa ya rungumi rubutu.

Daga 1912 zuwa 1948 ana ba da lambobin Olamfik a fannoni biyar na fasaha: adabi, kiɗa, zane, sassaƙa da tsara gine-gine, da sharaɗin aikin ya shafi wasanni. A Amsterdam a 1928 an kasa adabi gida uku, wato waƙa, wasan kwaikwayo da dogon labari. A na ƙarshen ne Weiss ya samu azurfa da sunan Jamus, da littafinsa Boëtius von Orlamünde. Zinariyar ta tafi ga Ferenc Mező na Hungary.

Abin da ya kashe gasar shi ne ƙa'idar cewa Olamfik ta waɗanda ba su ɗauki wasa sana'a ba ce, alhali masu fasaha da sana'arsu suke ci. Har yau ba a lissafa lambobinsu a jadawalin hukuma, kuma a ganinmu wannan rashin adalci ne.

Mulkin Hitler ya tilasta masa gudun hijira zuwa Faris, babban birnin Faransa, a 1934. Ya kashe kansa a Yunin 1940, lokacin da sojojin Jamus suka shiga birnin.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihin wasanni